Tambaya da Amsa: Sabwufa babba guda ɗaya, ko matsakaita biyu?

Wasiƙun da suka shigo wannan karon yawancinsu a kan bes (amo mai kauri) da sabwufa, wato sifikar da ke fitar da shi, suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Na taƙaita wasu saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da sabwufa ɗaya mai inci 12, na ajiye ta a kusurwar gaba ta hagu a falona. Falon mai kusurwa huɗu ne, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4, daga ƙasa zuwa silin mita 2.8. Kujerata tana tsakiyar ɗaki, saitin talabijin. In na zauna a kanta, bes kamar babu shi, amma duk wanda ya zauna a doguwar kujerar da ke jikin bangon baya sai ya ce ƙarar ta yi yawa har ƙirjinsa na rawa. Na yanke shawarar sayar da ita in sayi mai inci 15 ko 18. Wacce ta fi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da maganar sayarwa tukuna. Sabwufarka lafiyarta ƙalau, shaida kuwa ga mutanen bangon baya nan da ƙirjinsu ke rawa. Ɗakin ne yake yi maka wasa da hankali, kuma ka kyauta da ka auno shi, domin da lambobin nan uku zan iya nuna maka inda gizo ke saƙa ko ban taka falon ba.

Sauti yana ratsa iska da gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. Amo mai tsini irin na usur zangonsa, wato tsawon igiyar sautinsa, gajere ne, 'yan santimita kawai. Bes kuwa ba haka yake ba: na 40 Hz (mai kaɗawa sau 40 a daƙiƙa) zangonsa ya haura mita 8 da rabi, na 20 Hz ya kai mita 17. Ka ga ke nan igiyar ta fi falon naka tsawo. Tun ba ta gama fita daga sifika ba ta riga ta bugi bango ta dawo ta ci karo da kanta. A wasu wurare mai tafiya da mai dawowa suna haɗa ƙarfi, amo ya yi tudu. A wasu wuraren kuma suna kashe juna, ya zama rami. Ka zuba ruwa a baho ka riƙa girgiza shi a hankali gaba da baya: a baki biyun ruwa na hawa da sauka sosai, a tsakiya kuwa da ƙyar yake ɗagawa. Matsin iska a ɗaki haka yake yi.

Lissafin amon da ɗaki ke yi wa haka ba wuya. Ka ninka tazarar bango da bango sau biyu, ka raba 343 da abin da ka samu. Tsawon falonka mita 5 ne, saboda haka 343 raba 10, ya ba da 34 Hz, sai ninkinsa 69 Hz. Faɗi mita 4 ya ba da 43 Hz da 86 Hz. Silin ya ba da 61 Hz. Na farko a kowane ɓangare tudunsa yana jikin bango, raminsa kuma yana tsakiya cif. To ina kujerarka? Tsakiyar tsawo, tsakiyar faɗi. Ka zauna a ramin 34 Hz da ramin 43 Hz a lokaci guda. Igiya mafi kauri ta gitar bes mai igiya huɗu tana kaɗawa ne a kusan 41 Hz, wato a bakin ramin naka na biyu take faɗawa. Baƙinka kuwa suna zaune a kan tudu, shi ya sa kai kana ƙara murya su suna toshe kunne.

Kada ka yarda da ni haka kawai. Ka sauke manhajar da ke fitar da amo tsantsa a wayarka, ka haɗa ta da risiba (na'urar da ke rarraba wa sifiku sauti), ka saita 34 Hz, murya madaidaiciya. Ka tsaya ka jingina da bangon baya, sannan ka riƙa takowa a hankali zuwa tsakiya. Amon zai yi ta raguwa har ya kusa ɓacewa, alhali in ka waiwaya za ka ga fatar sifikar tana kai da komo kamar yadda take yi tun farko. Ka wuce tsakiya ka nufi bangon gaba, sai ya dawo. Bambancin tudu da rami a irin wannan ɗaki yakan kai 20 dB (ma'aunin ƙarfin amo), wani lokaci fiye.

Yanzu ka ce ka kawo mai inci 18 ka ajiye a kusurwar nan. Tudu zai ƙara tsawo, baƙinka su ƙaurace wa falon, rami kuma yana nan inda yake, domin igiyar da ke dawowa daga bango ita ma ta ƙara ƙarfi daidai da mai tafiya. Haka nan ikwalaiza, wato abin ƙara ko rage ƙarfin wani amo daban, ba ta cike rami. Ƙarin 10 dB yana cin ninki goma na ƙarfin amfilifaya, kuma mafi yawansa a banza zai tafi, sai zafi da gurɓatar sauti. Tudu ana iya aske shi da ikwalaiza, rami sai dai a kauce masa ko a hana shi samuwa.

Kaucewar kyauta ce, da ita za ka fara. Ka ja kujerarka baya kamar rabin mita, ta zama kusan mita 2 daga bangon baya. Kada ka kai mita 1.25, domin can ma akwai ramin 69 Hz. Wannan kaɗai zai dawo maka da wani abu.

Hana ramin samuwa shi ne aikin sabwufa ta biyu, kuma a nan ne maganar ta fi daɗi. A amon 34 Hz ɗin nan, duk lokacin da matsin iska ya hau a rabin ɗaki na gaba, sauka yake yi a rabin baya. In ka ajiye sabwufa ɗaya a gaba ɗaya a baya, suna tura iska tare a lokaci guda, ta gaba tana ingiza wannan amo ta wata fuska, ta baya tana ingiza shi ta kishiyar fuskar, sai ɗakin ya kasa ɗaukar kaɗawar. In kuma kowacce tana tsakiyar bangonta, to duka biyun suna zaune a layin ramin 43 Hz na faɗi, sifikar da ke zaune a rami kuwa ba ta iya tayar da wannan amo. Da akwati biyu ka kwantar da manyan masu laifi biyu.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Todd Welti, injiniya a kamfanin Harman na Amurka, ya gabatar da bincike a kai a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES a 2002, sannan a 2006 shi da Allan Devantier suka wallafa cikakken aiki a mujallar ƙungiyar. Abin da suka nema shi ne tsarin da zai sa kujeru daban-daban su ji bes kusan iri ɗaya a ɗaki mai kusurwa huɗu. Sabwufa huɗu, kowacce a tsakiyar bango, suna cikin tsarin da ya fi daidaita sauti. Biyu a tsakiyar bangaye masu fuskantar juna sun kusa kamo su. Huɗu a kusurwoyi huɗu su ma sun yi kyau, kuma sun fi ba da ƙarfi saboda kusurwa tana taimakon sifika. Wuce huɗu ba ya ƙara wani abin kirki. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma yawan ma yana da iyaka.

Abu ɗaya nake so ka cire daga ranka: ba don ƙara ƙara ake sayen ta biyu ba. In ka ɗora biyun wuri ɗaya za ka samu ƙarin kusan 6 dB, ramukan kuma suna nan yadda suke. In ka raba su, ƙarin yakan tsaya wajen 3 dB, amma ka samu abin da ya fi wannan daraja, wato kujerarka da ta baƙi su riƙa jin abu kusan ɗaya. Daga nan ne ikwalaiza take fara amfani, domin tudun da ya rage, kamar na 69 Hz, in ka aske shi kowa ya amfana. Da sabwufa ɗaya kuwa, gyaran da ka yi wa kujera ɗaya ɓarna ne ga ta kusa da ita.

Ko ta fuskar girman fata ma ba ka yi asara ba. Faɗin fata yana tafiya da ninkin lambar inci a kanta: 15 sau 15 ya ba da 225, 12 sau 12 sau biyu ya ba da 288. Shawarata ka nemo 'yar'uwar wadda kake da ita, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Abokina ya ba ni shawara na sayi sabwufa ta biyu irin ta farko sak, na sa ɗaya a gaba ɗaya a bayan kujera. Abin mamaki bes ɗin raguwa ya yi. In na kashe ɗaya sai ya dawo. Ko dai an sayar mini da mai matsala ne?

AMSA: Alhaji, da wuya. Gwada kowacce ita kaɗai, in duk suna bugawa daidai to kayanka lafiya lau, ja-in-ja kawai suke yi: ɗaya tana tura iska lokacin da ɗayar ke janyewa. Abu biyu ke kawo haka.

Na farko, ka leƙa bayan kowacce, akwai makunni ko abin murɗawa mai lamba 0 da 180. In ɗaya tana 0 ɗaya tana 180, ka gano ɓarawon. Na biyu shi ne tazara. Sauti yana cin santimita 34 a kowace milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A 80 Hz rabin zango mita 2 ne da ɗan ɗoriya, saboda haka in ta bayan kujera ta fi ta gaba kusa da kunnenka da kamar mita 2, to a wajen 80 Hz amon ɗaya yana isowa ne daidai lokacin da zai kashe na ɗayar. Wannan yanki ne kuma da ake jin dukan ganga a ƙirji, shi ya sa rashinsa yake fitowa fili nan da nan.

Ga yadda nake bi. A bayan kowace sabwufa, abin murɗawar da ke yanke amo na sama ka kai shi ƙarshe ko ka kashe shi, ka bar wa risiba aikin rabon amo tsakanin sabwufa da sauran sifiku, domin in an yanka sau biyu sai a samu giɓi. A cikin risiba ka nuna mata cewa sifikun gaba ƙanana ne, ko da kuwa dogaye ne, ka sa iyakar rabon a 80 Hz. Ka daidaita muryar biyun a maki ɗaya, sannan ka ɗan rage ta kusa da kai. Sai ka kunna amon 80 Hz, ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa juya makunnin ta baya tsakanin 0 da 180. Inda amon ya fi cika, nan za ka bari. Ka sake gwadawa a 40 da 60 Hz, domin wani lokaci juyawar tana gyara sama ta ɓata ƙasa. In haka ta faru, makunni ba zai wadatar ba, jinkiri ake bukata: a riƙe ta kusa na kamar milisakan 6 don ta jira ta nesa. Wannan lamba mafari ce kawai, awo ne zai yanke hukunci, saboda ɗakin ma yana da ta cewa.

A nan akwai tarko. Risibobi da yawa suna da kafar sabwufa biyu a baya, amma a ciki waya ɗaya ce aka raba, ba za ka iya ba kowacce jinkirinta ba. Ka duba cikin saitin: in ka ga wurin sa tazarar sabwufa ta ɗaya da ta biyu daban, to kafofin masu cin gashin kansu ne. Yawancin risibobin Denon da Marantz masu tsarin awon ɗaki na Audyssey MultEQ XT32 suna da haka, Denon AVR-X3800H ma kafa huɗu gare ta. In taka ba ta da shi, akwai ƙaramin akwati na miniDSP, samfurin 2x4 HD, mai mashiga biyu da mafita huɗu. Ana sa shi tsakanin risiba da sabwufa, ya ba kowacce muryarta da jinkirinta da ikwalaizarta.

Wani abin lura: in risiba ta yi awonta na kai tsaye ta rubuta cewa sabwufa tana mita 5 alhali da tef mita 3 ka auna, kada ka gyara mata. Na'urar da ke cikin sabwufar tana jinkirta sauti kaɗan, risibar kuma lokacin isowa ta auna, ba tsawon ƙasa ba. Mutane da yawa suna lalata saiti mai kyau a nan da sunan gyara.

In kana son ka daina lalube, ka sayi makirufon awo. UMIK-1 na miniDSP ana soka shi ne a kafar USB ta kwamfuta, kuma kowanne yana da fayil ɗin daidaitawa da ake saukewa da lambarsa. Manhajar REW, wadda John Mulcahy ya rubuta, kyauta ce. Ka kafa makirufon a tsayin kunnen mai zaune, ka sa manhajar ta yi shara daga 15 zuwa 200 Hz. Za ka ji wani gurnani yana tasowa daga ƙasa, tagogi su ɗan yi rawa, cikin 'yan daƙiƙu layi ya fito a allo da tudunsa da raminsa. Ka auna ta gaba ita kaɗai, ta baya ita kaɗai, sannan biyun tare, a kujeru uku ko huɗu. Layin "tare" ya kamata ya kasance a saman sauran biyun a mafi yawan wurare. Duk inda ya nutse ƙasa da su, nan suke faɗa. Mai son ya zurfafa, akwai wata manhajar kyauta, MSO, da ke karɓar waɗannan awo ta lissafa wa kowace sabwufa abin da ya dace da ita. Makirufon waya kuwa ban ba da shawararsa ba a wannan aiki, domin yawanci yana zubar da amon ƙasa tun kafin manhaja ta gan shi.

TAMBAYA: Malam, falonmu ba mai kusurwa huɗu ba ne, ya lanƙwasa ya haɗe da wurin cin abinci, babu ƙofa a tsakani. Maigidana ya karanta cewa sai an sa akwati huɗu a tsakiyar kowane bango. Ni dai ban ga inda za su shiga ba, ɗaya ma a bakin hanya za ta faɗo. Akwai wata dabara?

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, a wannan karon ilimin yana bayanki. Tsarin tsakiyar bango an yi shi ne don ɗaki mai kusurwa huɗu, rufaffe. A falo mai lanƙwasa irin naku lissafin ya rushe, ba wanda zai iya cewa ga inda ramuka suke sai an gwada. Ga irin wannan ɗaki na fi son hanyar Earl Geddes, wani masanin sauti Ba'amurke: sabwufa uku, ɗaya a kusurwa kusa da sifikun gaba, sauran a warwatse ba bisa wani tsari ba, in da hali ɗaya a ɗage ta daga ƙasa. Hikimar ita ce kowacce tana da nata ramukan a wurare daban, in aka haɗa su sai wata ta rufa wa wata asiri. Biyu ma sun isa a fara da su.

Wajen neman wuri, ku ɗora sabwufa a kan kujerar da aka fi zama, ku sa waƙar da bes ɗinta ke hawa da sauka, maigida ya durƙusa ya bi gefen bango da rarrafe yana saurare. Inda ya ji kowane amo yana fita daidai, ba wanda ya danne wani, a sa alama. Ba inda ya fi ƙara ake nema ba. Cikin wuraren da aka yi wa alama, ke ki zaɓi waɗanda ba su tare hanya ba. Ƙasa da 80 Hz kunne ba ya iya nuna inda amo ke fitowa, wanda yana cikin dalilan da suka sa THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin sinima, ya tsayar da iyakar rabo a nan, don haka ana iya tura akwati gefen kujera ko bayan labule ba a rasa komai ba. In kin ji kunnenki yana nuna miki inda take, ko dai an kai iyakar sama da yawa, ko wani abu a kusa da ita ne ke kakkarwa.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne. Ina da tsohuwar sabwufa ƙarama mai inci 8 mai kafar iska, yanzu na samu mai inci 12 rufaffiya. Zan iya haɗa su? Kuma in na manna soso ko kwalin ƙwai a bango zai gyara bes?

AMSA: Ƙanena, haɗawa tana yiwuwa, amma da sharaɗi. Akwati rufaffe ƙarfinsa yana sauka a hankali, 12 dB duk lokacin da lambar Hz ta ragu da rabi. Mai kafar iska yana riƙewa har zuwa inda aka saita kafar, daga nan ya faɗi da 24 dB, kuma a wajen nan lokacin bugunsa yana kaucewa daga na rufaffen, sai su fara cin juna a ƙasa. Ƙasa da saitin kafar ma fatar ba ta da abin da ke tare ta, tana lilo a banza, in ka matsa mata za ka ji tana fafatawa. Ƙaramar ita za ta fara gajiya, ita ce za ta sa wa babbar iyaka. Ka kawo ta kusa da inda kake zama, ka rage mata murya sosai, in kana da hanyar yanke mata amon da ke ƙasa da ƙarfinta ka yanke. Ka saurara da ita, ka saurara ba ita. In ba ka ji ta ƙara komai ba, ka cire ta.

Soso da kwalin ƙwai kuwa, ka bar su. Abin da zai sha amo sosai sai kaurinsa ya doshi kwatan zangon amon, kwatan zangon 50 Hz kuma mita 1.7 ne. Soso mai kaurin santimita 5 amon sama kawai yake sha, ya bar ɗakin a dushe, bes kuma ya ƙara fitowa fili da rugugi. Kwalin ƙwai ko hakan ba ya yi, ga shi da saurin kama wuta. In kana son abin da zai taɓuka, sai audugar gilashi ko ta dutse mai kauri, a cika kusurwa da ita daga ƙasa har silin a rufe da yadi, ita ma ta fi tasiri daga wajen 100 Hz zuwa sama. Ƙasa da haka, matsar da kujera da matsar da sabwufa su ne kayan aikinka, kuma ka fara da janye kujerar daga tsakiyar ɗaki da kuma daga jikin bango.